Ciyar da Waken Soya ta Saiwarsa: Jagora ga Mai Neman Buhu 30 a Hekta

Duk wanda ya saba da noman masara ya san cewa da zarar ganye ya fara ɗashewa, sai a nemo yuriya. Wannan sabon yana bin manoma da yawa zuwa gonar waken soya, kuma a can yake cinye musu kuɗi ba tare da ya ƙara musu ko mudu guda ba. Waken soya yana buƙatar sinadarin naitirojin ƙwarai, har ya fi masara idan aka auna tan da tan, amma hanyar da yake samunsa daban take. Manomin da bai fahimci wannan hanya ba zai yi ta kashe kuɗi inda bai kamata ba, ya kuma yi rowa inda ya kamata ya saki hannu.

Mu fara da lissafi. Kashi 35 zuwa 40 cikin 100 na ƙwayar waken soya furotin ne, shi ya sa awara take ƙosarwa, shi ya sa kuma masu haɗa abincin kaji suke rububinsa. Furotin kuwa da naitirojin ake gina shi. Kafin gona ta ba da tan 1 na wake, wato buhu 10 masu kilo 100, sai shukar ta sha kimanin kilo 80 na naitirojin. Mai neman buhu 30 a hekta, yana maganar kilo 240 ke nan. Yuriya kashi 46 cikin 100 ne nata naitirojin, saboda haka da a ce da ita za a biya wannan buƙata, sai an juye fiye da buhu 10 a hekta guda, ko da a ce babu ƙwaya ɗaya da ruwa ko rana za su tafi da ita. Ba wanda zai iya wannan ya ci riba, kuma alhamdu lillahi ba a buƙatar a yi.

Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, sai dai tsiro ba ya iya amfani da shi a haka. Akwai wasu ƙwayoyin bakteriya a cikin ƙasa, waɗanda ake kira rizobiya, da Allah Ya ba ikon kama shi daga iska su mayar da shi abin da tsiro zai iya sha. Su ne suke shiga saiwar waken soya tun tana ƙarama, saiwar ta yi musu ƙullutai, su zauna a ciki. Shukar tana aika musu da sukarin da ganyenta ya haɗa da hasken rana, su kuma suna biyan ta da naitirojin. Dangantakar tamkar ta mai gona ce da 'yan ƙodagonsa: shi yake ciyar da su, abincin kuma ba kaɗan ba ne, don haka ranar da ya ga aikin na samuwa kyauta sai ya sallame su. Haka waken soya yake yi. In ya tarar da naitirojin mai yawa a ƙasa, daga yuriya ko daga kashin kaji da aka lafta, sai ya rage yin ƙullutai, waɗanda ya riga ya yi kuma su yi sanyi. Takin da aka zuba zai ƙare cikin 'yan makonni, daidai lokacin da shukar take shiga babbar buƙatarta, sai ta waiwaya ta tarar ba ta da masu yi mata aiki.

A matsakaicin lissafi, ƙullutai suna samar da kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na naitirojin ɗin waken soya, sauran ya fito daga ƙasa. Inda aka kula da su sosai suna wuce haka nesa. Ƙasar Burazil, wadda ta fi kowace ƙasa noman waken soya a yau, tana shuka fiye da hekta miliyan 40, tana samun sama da tan 3 a kowace hekta, kuma kusan ba ta zuba masa takin naitirojin. Abin da manomanta suke yi shi ne gauraya iri da rizobiya kowace shekara. Mariangela Hungria, masaniyar hukumar binciken noma ta Embrapa wadda ta yi shekaru tana wannan aiki, ita aka ba Kyautar Abinci ta Duniya a 2025. Mu kuwa a Najeriya har yanzu muna kewayen tan 1 a hekta. Ƙasar noman Burazil mai tsami ce, mai ƙarancin sinadarai, ba ta fi tamu ta Giwa ko Saminaka albarka ba tun asali. Gyara aka yi mata.

Iri da gona

Cibiyar IITA ta Ibadan ta fito da ire-iren da sunansu yake farawa da TGx, kuma an ƙirƙire su ne musamman don su iya yin ƙullutai da rizobiyar da take cikin ƙasarmu, irin wadda take hulɗa da waken gida. Daga cikin waɗanda suka yaɗu a Arewa akwai TGx 1448-2E, wanda kwasfarsa ba ta saurin fashewa amma yana son damina mai ɗan tsawo, da TGx 1835-10E mai saurin nuna da jure cutar tsatsa, wanda ya fi dacewa da wurare irin Kano da Katsina inda ruwa kan ɗauke da wuri, sai TGx 1904-6F da TGx 1951-3F. Ka tambayi malamin gona na yankinka wanda ya dace da tsawon daminarku, domin irin da ruwa ya ɗauke ya bar shi yana tsakiyar cika ido, duk kulawar da aka yi masa ta tafi a banza.

Irin waken soya yana saurin mutuwa a ajiya, musamman a ɗaki mai zafi. Kafin shuka da kamar mako biyu, ka ƙirga ƙwaya 100 ka shuka a gefen gida kana ba su ruwa. In 85 ko fiye suka fito, irin ya yi. In sun gaza haka kaɗan, ka ƙara yawan irin da za ka zuba. In sun gaza 60, ka nemi wani.

Gona kuma a guji wadda ruwa yake kwanciya a cikinta. Ƙwayoyin da suke cikin ƙullutai suna buƙatar iska, kuma kwana biyu ko uku na ruwa kwance a lokacin marka ya isa ya dakatar da aikinsu. In ƙasarka mai laka ce, ka yi kunya mai kyau, ka buɗe wa ruwa hanya tun kafin Agusta. Gonar da aka yi masara ko dawa bara ita ce ta fi, saboda hatsin ya shanye naitirojin ɗin da ya yi saura, waken zai tashi yana neman rizobiya da gaske.

Gauraya iri da baƙar hoda

Nan ne zan fi daɗewa, domin aikin minti talatin ne amma shi yake yanke hukuncin rabin damina.

Tambayar da ake yawan yi ita ce: in ire-iren TGx suna yin ƙullutai da kansu, me ya sa za a sayi inokulan, wato baƙar hodar rizobiya da ake gauraya iri da ita? Amsar ita ce rizobiyar da take cikin ƙasa ba duka ce ƙwararriya ba, kuma ba a kowace gona take da yawa ba. Wata za ta shiga saiwa ta yi ƙullutu, ta ci sukari, abin da za ta bayar kaɗan ne. Hodar inokulan tana ɗauke da zaɓaɓɓun ƙwayoyi masu ƙarfin aiki, miliyoyi a kan kowace ƙwayar iri, kuma su ne suke fara isa ga saiwa da zarar ta ɓullo. An gwada wannan a gonakin manoma a jihohin Kaduna da Kano a 2011 da 2012, ƙarƙashin shirin N2Africa. Filin da ba a sa masa komai ba ya ba da ƙasa kaɗan da tan 1 a hekta. Wanda aka sa wa inokulan kaɗai ya ƙaru da kusan buhu huɗu da rabi, wanda aka sa wa takin fosfaras kaɗai shi ma ya ƙaru da kusan haka, wanda aka haɗa masa duka biyun kuwa ya kai wajen tan 1.7. Ba kowace gona ce ta amsa daidai da 'yar'uwarta ba, wasu sun zarce wannan, wasu ba su motsa ba, amma idan ka kwatanta kuɗin ƙunshin hodar da na buhu huɗu na wake a kasuwar Dawanau, babu wani abin da za ka saya wa gonar da zai biya ka kamarsa.

Akwai NoduMax da IITA take yi a Ibadan, akwai kuma waɗanda ake shigowa da su. Kowanne za ka saya, ka tuna abu mai rai ne a cikin ledar. Ka duba ranar ƙarewar aikinsa, ka duba an rubuta na waken soya ne, domin na gyaɗa ko na wani wake ba zai yi ba. Ka lura da inda mai shago ya ajiye shi. Ledar da ta yi wata guda a kan tebur a rana, ko a shagon kwano da yake tafasa da azahar, baƙin gari kawai ya rage a cikinta. In ka kai gida ka sa ta wuri mai sanyi, a ƙasan firiji in akwai amma ban da wurin ƙanƙara, in babu ka ajiye ta a gindin randa. Kada ka buɗe sai ranar shuka.

Ranar shuka, da sassafe, ka sami inuwa. Ka auna irin da za a iya shukawa a wannan ranar kaɗai, ka zuba a babban baho mai tsabta wanda ba a taɓa haɗa maganin feshi a cikinsa ba. Ka jiƙa ɗan ƙaro ko sukari a ruwan rijiya ko na burtsatse har ya ɗan yi danƙo. Ruwan famfo mai warin magani yana kashe ƙwayoyin, a bar shi. Wasu kamfanoni suna haɗo nasu abin danƙon a cikin ƙunshi, in haka ne ka yi amfani da shi. Ka yayyafa ruwan a kan iri kaɗan-kaɗan kana juyawa da hannu, har kowace ƙwaya ta yi sheƙi amma babu ruwan da ya taru a gindin baho. Wannan wurin yana son hankali: fatar waken soya siririya ce, in ruwa ya yi yawa sai ta kumbura ta saluɓe, irin ya lalace. Daga nan ka barbaɗa hodar bisa awon da aka rubuta a jikin leda, ka ci gaba da juyawa a hankali har irin ya yi baƙi bai ɗaya. Ka baza shi a kan buhu ko tabarma a cikin inuwa ya sha iska na ɗan lokaci, yadda ba zai manne wa hannu ba.

Sai shuka, nan take, cikin ƙasa mai laima. Masu shuka su riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan a ƙwarya ko roba da aka rufe da tsumma, su kuma rufe rami da zarar sun zuba. Rana da busasshiyar ƙasa mai zafi su ne manyan masu kashe rizobiya, don haka shukar bine, wadda ake yi kafin ruwa ya sauka, ba ta dace da irin da aka gauraya ba. Abin da ya kwana, a sake gauraya shi washegari.

Maganin da ake shafa wa iri don kare shi daga ruɓa da ƙwari yana iya cutar da ƙwayoyin. In dole sai an sa, a fara sa maganin ya bushe sarai, sannan a sa inokulan daf da shuka, kada a dama su wuri guda. Haka kuma kada irin ya haɗu da takin zamani a rami ɗaya.

Ina roƙon duk wanda zai gwada wannan a karon farko ya bar kunya biyar ko shida a tsakiyar gona ba tare da hodar ba, ya fara shuka su kafin hannunsa ya taɓa hodar, ya kafa musu alama. Da kaka ya casa su daban ya auna. Abin da gonarka ta nuna maka ya fi abin da kowa zai gaya maka, har da wannan rubutu.

Taki da tazara

Takin da waken soya yake jira daga hannunka shi ne fosfaras. Yawancin ƙasar savana tamu tana da ƙarancinsa, kuma aikin kama naitirojin daga iska yana cin sa da yawa. Shukar da ba ta samu ba takan tsaya gajeruwa, ƙullutanta 'yan ƙanana. Abin da aka saba ba manoman Arewa shawara a kai shi ne buhu 3 na supa tare da buhu 2 zuwa biyu da rabi na kamfa 15:15:15 a hekta. Supa tana da ƙarin amfani domin tana ɗauke da sinadarin salfa, wanda shi ma yana shiga ginin furotin. Kamfar kuma tana kawo fotash, wanda kowane tan na wake yake kwashe kimanin kilo 20 nasa daga gona, sannan tana kawo ɗan naitirojin kilo 15 zuwa 19. Wannan ɗan kaɗan ɗin ba ya hana ƙullutai, yana riƙe yabanya ne kafin su fara aiki, kuma ya fi amfani a jigawar da ta gaji. A gonar da ta sha takin gida bara, supa kaɗai ta wadatar. Duka a sa su lokacin huɗa ko ranar shuka, a bine su a gefen layi da tazarar kamar faɗin tafin hannu daga iri. Fosfaras ba ya tafiya a cikin ƙasa, wanda aka watsa a sama bayan wata guda saiwa ba za ta same shi a kan kari ba.

In ƙasarka ta yi tsami sosai, kamar yadda ake samu a gonakin da aka daɗe ana zuba musu yuriya ba takin gida, rizobiya ba ta jin daɗinta, kuma sinadarin molibdenam da ƙullutai suke aiki da shi yakan ƙi samuwa. Gwajin ƙasa ne yake nuna wannan, kuma ana yin sa a wurare irin Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya. Maganinsa farar ƙasar gyaran gona da takin gida da ya ruɓe sosai.

Yawan shuka kuwa shi ne inda muka fi yin asara ba mu sani ba. Mutane suna shuka waken soya da tazarar waken gida, rami nan rami can. Ga lissafin da ya kamata: in tsakanin kunya da kunya santimita 75 ne, to a zuba iri a jere, santimita 5 tsakanin ƙwaya da ƙwaya, wato tsiro 20 a kowace mita, abin da zai ba da sama da tsiro 260,000 a hekta. In an matso da layi zuwa santimita 50, ya fi saurin rufe ƙasa. Wannan yana cin iri kilo 50 zuwa 70 a hekta. Zurfi kada ya wuce santimita 5. Alaƙar wannan da naitirojin a fili take: kowace shuka da nata ƙullutan, kuma hasken ranar da ya faɗi a ƙasa tsakanin layuka bai zama sukari ba, balle ya ciyar da rizobiya. A yankin Kaduna da makamantansa ana shuka daga tsakiyar Yuni zuwa farkon Yuli, bayan ruwa ya zauna. A yi noman fari cikin mako biyu zuwa uku, a yi maimai kafin ganye ya haɗe.

Karanta saiwa

Bayan tsiro da mako biyu zuwa uku za ka iya ganin yabanya ta ɗan yi fari-fari. Abincin da ke cikin ƙwayar iri ya ƙare, ƙullutai kuma ba su gama kankama ba. A nan ne zuciyar manomi take raya masa ya ɗauko yuriya. Ka yi haƙuri, ka ba ta kwana goma. Mafi yawan lokuta korenta yana dawowa da kansa.

A mako na biyar ko na shida, ka ɗauki fartanya da bokitin ruwa ka shiga gona. Ka zaɓi shuka goma daga sassa dabam-dabam. Kada ka fizge su da hannu, domin ƙullutan za su tsinke su zauna a ƙasa, ka yi zaton babu. Ka haƙo kowace da ƙasarta, ka tsoma a bokiti ka girgiza a hankali. Abin da kake fatan gani shi ne ƙullutai masu girma sun taru a saman uwar saiwa, kusa da inda iri ya kwanta, alamar hodar da ka sa ta kama ke nan. Waɗanda suka warwatsu a ƙananan jijiyoyi galibi na rizobiyar ƙasa ne da suka shigo daga baya. 'Yan manya goma a uwar saiwa sun fi tarin ƙanana a gefe.

Sai ka tsaga wasu da reza ko farce ka dubi cikinsu. Ja ko ruwan hoda yana nufin suna aiki, kuma launin ya fito ne daga wani sinadari ɗan'uwan wanda yake sa jininmu ja, aikinsa daidaita iskar da take isa ga ƙwayoyin. Fari yana nufin ko dai ƙullutun sabo ne bai fara ba, ko kuma rizobiyar cikinsa ba ta da amfani, sai ka sake dubawa bayan mako guda. Kore ko ruwan ƙasa mai laushi ya gama aikinsa ko ya mutu. Ka kuma bambanta ƙullutu da kumburin da tsutsar saiwa take haddasawa: ƙullutu a gefen saiwa yake manne, da ka tura shi da yatsa zai ɓalle, kumburin tsutsa kuwa jikin saiwar ne da kansa ya kumbura.

Wannan dubawa ita za ta gaya maka ko akwai buƙatar yuriya, kuma wuri ɗaya ne na yarda a sa ta. In gona ta kai fara fure, ganyen ƙasa suna rawaya bai ɗaya, shukar ba ta da kuzari, ka haƙa ka tarar yawancinsu ba su kai ƙullutu biyar ba ko kuma babu ja a cikinsu, to haɗin bai yiwu ba a bana. A nan sai a ceci amfanin da buhu 2 na yuriya a hekta, a bine ta a gefen layi cikin ƙasa mai laima, kada ta taɓa ganye. Amma kafin haka ka tabbata rawayar ta naitirojin ce. In gefen tsofaffin ganye ne yake ƙonewa tsakiya na kore, fotash ne ya gaza. In sababbin ganyen sama ne suka ɗashe, ka fi zargin salfa ko ƙarfe. In ruwa ne ya kwanta, hanya za ka buɗe masa. Yuriya ba ta maganin ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Lokacin cika ido

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne waken soya yana shan mafi yawan naitirojin ɗinsa ne bayan ya yi fure, kuma buƙatar tana kai ƙololuwa sa'ad da ƙwaya take cika a cikin kwasfa. A wannan lokaci ƙwayar tana ja daga wuri biyu: abin da ƙullutai suke kawowa a kullum, da abin da shukar ta tara a ganye da kara tun farko. In na ƙullutai ya gaza, sai ta koma kwasar na ganye da wuri. Ganyen da aka kwashe wa naitirojin ba ya iya haɗa sukari, sukari in ya ragu ƙullutai suna ƙara rauni, sai gonar ta yi rawaya kafin lokacinta, ƙwaya ta fito ƙanana marasa nauyi. Manomi ya ga kamar wakensa ya yi saurin nuna, alhali yunwa ce ta katse shi.

Saboda haka duk abin da zai tsare ganye kore a makonnin nan, ciyarwa ce. Cutar tsatsa tana farawa daga ganyen ƙasa, ɗige-ɗige masu launin ƙasa a bayan ganye, tana kuma kakkaɓe su cikin ɗan lokaci, don haka a riƙa ɗaga ganye ana dubawa daga fure zuwa gaba, a nemi shawarar malamin gona kan feshi da zarar an gan ta. A lura da ƙwarin da suke tsotsar kwasfa. Kada a bar kowa ya yanki ganye don dabbobi. Fari kuma ya fi komai illa, domin aikin ƙullutai yana raguwa tun kafin ganye ya nuna alamar ƙishi. Mai halin ban ruwa, in aka sami tsaikon ruwa a Satumba, ban ruwa ɗaya ko biyu a lokacin cika ido ya fi masa kowane taki. Wanda ba shi da hali, kariyarsa ita ce shuka a kan lokaci da zaɓen irin da zai gama kafin ruwa ya ɗauke.

Akwai magana da take yawo cewa masu samun amfani mai yawa a ƙasashen waje suna zuba wa waken soya naitirojin, kuma akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Masu bincike na Jami'ar Nebraska a Amurka, tare da takwarorinsu na Ajantina, sun gwada wadata shukar da takin naitirojin tun daga tsiro har nuna, ɗaruruwan kilo a hekta, don su ga ko ƙullutai da ƙasa suna biya mata buƙata. A sakamakon da suka fitar a 2017, amfanin ya ƙaru da kimanin kashi 11 cikin 100 a matsakaici, kuma gibin ya fi fitowa a gonakin ban ruwa da suke ba da tan 5 zuwa 6. Wato idan amfani ya yi yawa sosai, akwai iyakar da ƙullutai ba sa iya wucewa. A Japan kuma an gwada bine yuriya mai narkewa a hankali a zurfin santimita 20, ƙasa da inda ƙullutai suke, don ta ciyar da shukar a ƙarshen damina ba tare da ta kashe musu gwiwa ba. Amma ƙarin da aka samu a Nebraska bai kai ya biya kuɗin takin da aka zuba ba, su kansu masu binciken gwaji suka yi don gano iyaka, ba shawara suka ba manoma ba. A ganina, manomin da yake samun buhu 10 ko 15 a hekta ba shi da abin ɗauka a nan illa sanin cewa ƙarshen damina ne lokacin babbar buƙata. Tsakaninsa da buhu 30, abin da ya tsaya shi ne iri, hoda, supa, yawan shuka da ciyawa. Wanda ya riga ya wuce buhu 35 shekara da shekara, shi ne zai iya ware 'yan kunyoyi ya gwada ƙarin naitirojin a farkon fitar kwasfa, ya auna da sikeli, ya yi lissafin kuɗinsa.

A girbe idan kimanin kashi 85 cikin 100 na kwasfa sun koma ruwan ƙasa, kafin su fara fashewa. A yanka da lauje daga gindi maimakon tugewa, don saiwa da ƙullutai su zauna a gona.

Ana yawan cewa waken soya yana gyara ƙasa, kuma haka ne, masarar da ta biyo bayansa takan fi kyau, wasu ire-irensa kamar TGx 1448-2E kuma suna sa irin wuta-wuta ya tsiro ya mutu don bai sami abin kamawa ba. Sai dai a san iyakar abin. Kowane tan na wake da aka kai kasuwa ya tafi da kimanin kilo 60 na naitirojin, wato mafi yawan abin da shukar ta tara. Rabon gona shi ne ganyen da ya zuba, da saiwa, da kara da ƙaiƙayi. In aka kwashe karan zuwa masussuka aka cinna masa wuta, ko aka sayar da shi, gonar tana iya fita da ƙasa da abin da ta shiga da shi. Ka mayar da ragowar sussuka gona ka baza, ko ka ba dabbobinka ka dawo da takinsu. Masarar baɗi kuma ka ba ta takinta, kana iya ragewa kaɗan, amma kada ka hana ta da sunan wai an yi wake bara.